Gombe: Tsakanin Shinkafa, Dorina da Bindigar Toka

Baƙon da ya biyo hanyar Bauchi ya doshi Gombe ba ya ganin garin sosai sai ya kawo bisa tudun da ke yamma da shi. Daga nan ne zai hango shi shimfiɗe a ƙasa kamar hatsin da aka baza cikin faifai, rufin kwano na ƙyalli a rana, duwatsu kuma sun tsaya daga gabas. Idan ya gangara ya shiga, zai ratsa unguwanni masu sunaye irin na Gombe kaɗai, su Jekadafari da Herwagana da Kumbiya-kumbiya da Bolari da Pantami, zai ga fadar Sarki da babban masallaci, zai ga kwaruruwan da ruwan damina ya yanka cikin gari har suka ci gidajen mutane. Abin da ba zai gani ba shi ne kogi. Gombe gari ne babba, hedkwatar jiha tun ran 1 ga Oktoba 1996, amma ba ta da kogin kanta.

Wannan kuwa ba haka aka faro ba. Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓo tuta daga wajen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa masarautar, a bakin kogin Gongola ya zauna, a garin da yanzu ake kira Gombe Abba. Turawa ne suka tayar da hedkwata daga can suka kai ta Nafada cikin 1913, sa'an nan cikin 1919, zamanin Sarki Umaru, suka sāke ɗauko ta suka kawo ta Doma, watau wurin da garin yake a yau. Auduga da gyaɗa suka raya sabon garin, jirgin ƙasa ya iso cikin 1963, baƙi suka yi ta kwararowa daga Kano da Barno da ƙasar Tangale da Kudu. Amma duk da wannan ƙaura, kogin bai saki Gombe ba. Ruwan da ke zuba a famfunan garin daga Gongola ake turo shi. Kifin da ake soyawa da yamma a bakin titi, da tumatir da tattasai na rani, da wani kashi na shinkafar da ake saukewa a Tudun Hatsi, duk daga bakin wannan kogi suke fitowa.

To, a Tudun Hatsi ɗin nan ne mai kunnen basira zai fara jin maganar da ta sa aka yi wannan rubutu. Idan manomin gabas ya kawo buhu shida a inda aka saba ganinsa da goma sha biyar, dillali ba ya tambayarsa ko fari aka yi, domin mai noman bakin dam ba ya kukan ruwa. Abin da yakan tambaya shi ne ko ta shiga. Manomi kuwa ya san wadda ake nufi.

Hanyar gabas

Daga tashar Dadin Kowa cikin Gombe zuwa madatsar ruwan kimanin mil 23 ne, watau kilomita 37, bisa hanyar da ta wuce zuwa Biu. Mota takan bi ta gindin dutsen Liji, ta ratsa Kwadon inda kwandunan kayan miya ke jere a bakin hanya, ta shiga ƙasar Tera, can gaba kuma dutsen Bima ya tokare sama. Tsofaffi sun san Bima da labarin Mahadi da na masu hijira zuwa gabas, yaran yanzu kuwa sun san shi da cewa idan ka hango shi ka kusa ruwa.

Kogin Gongola daga tsaunukan Jos ya taso. Ya yi arewa maso gabas har Nafada, sa'an nan ya karyo kudu kamar wanda ya tuna ya yi mantuwa, ya je ya faɗa Binuwai a Numan. A wannan gangarowa tasa ta kudu aka datse shi sau biyu: a Kiri cikin ƙasar Adamawa, inda aka gama madatsa cikin 1982 domin rake, da kuma a Dadin Kowa, inda aka gama cikin 1984. Bayan madatsar Dadin Kowa ruwa ya taru ya zama tafki mai faɗi wanda ido ba ya kai ƙarshensa, ya mamaye tsofaffin gonaki da kufai, ya jawo masunta daga nesa, ya kuma buɗe wa jama'a noman rani wanda kakanninsu ba su taɓa mafarkinsa ba.

Amma ba mutum kaɗai ya gode wa injiniyoyi ba. Dā can dorinar Gongola takan sha wuya da rani, sa'ad da kogi ya janye ya bar gurabe nan da can, maharba kuma suka san inda za su same ta. Da aka datse ruwa sai ta sami zurfin da ba ya ƙafewa shekara duka. Wani bincike da masana suka buga cikin 2020 ya ƙirga dorinai fiye da 30 a tafkin Dadin Kowa, fiye da 50 kuma a na Kiri. Ga wanda ya ji labarin kogunan Zambiya ko Tanzaniya, inda ake ƙirga su da dubbai, wannan ba kome ba ne. Amma a Nijeriya, inda dorina ta ƙare ƙaf a yawancin kogunan da aka san ta, waɗannan tafkuna biyu suna cikin manyan wuraren da ta rage. Ga manomin da ke da kadada guda a bakin ruwa kuwa, dorina ɗaya ma ta yi yawa.

Ya kamata mai karatu ya san girman abin da ake magana a kai. Namijin dorina madaidaici yakan kai tan ɗaya da rabi, watau nauyin buhu 15 na masara masu kilo ɗari ɗari, manya kuwa sukan ninka haka. Fiƙoƙinta na ƙasa sukan kai tsawon kamu guda. Fatarta a wasu sassan jiki ta kai kaurin santimita 5, shi ya sa tun zamanin dā da ita ake yanka bulalar dogarai, har sunan dabbar ya zama sunan bulalar. Tana iya nutsewa ta yi kamar minti 5 ba ta ɗago ba. Duk da gajerun ƙafafunta da wannan tulun ciki, a tudu takan yi gudun kilomita 30 cikin sa'a, wanda ba kowane saurayi ne zai tsere masa cikin taɓon shinkafa ba. Wuni take yi cikin ruwa, da dare ta fito kiwo, ta ci ciyawa wajen kilo 40 kafin asuba. Ba nama take nema ba, ba ta kuma farautar mutum. Sai dai ciyawar bakin ruwan da ta saba ci, yau ita ce aka nome aka dasa shinkafa da masara har gaɓa. Ita a ganinta kiwonta ne aka gyara mata. Abin da ta tattake da ƙafa kuwa ya fi abin da ta ci.

Mutanen Hinna da sauran garuruwan bakin tafkin sun daɗe suna kai kuka. Cikin 2017 an kashe wata dorina a Dadin Kowa bayan da hukuma ta ba da izini. Cikin 2024 manoman Hinna suka sāke fitowa a jaridu suna faɗin gonakin da aka lalatar da rayukan da aka rasa. Masunta su ma suna da nasu labarin, na kwalekwalen da aka kifar da taru da aka yayyaga.

Wace bindiga?

Saboda haka idan saurayi ya sayar da abin da ya rage masa a Tudun Hatsi, ya zauna da tsofaffin maharba, ba a daɗewa zance ya gangaro kan bindiga. Shi yakan ce, Baba, wace iri ce za ta tsayar da ita? Tsohon kuwa yakan jima bai amsa ba, domin ya san amsar ba za ta yi wa yaron daɗi ba.

Bindigar da talaka ya sani ita ce ta toka, wadda ake ɗurawa ta baki: a zuba albarushi, a danna tsumma, a zuba 'yan dalma ko guntayen ƙarfe, a sāke dannawa da sanda. Wanda ya raɗa mata suna harba-ka-ruga ya gama bayaninta. Harbi ɗaya gare ta, kafin a sāke ɗura ta kuwa abin da aka harba ya iso. Raɓa na kashe ta, damina na kashe ta, idan mai ita ya cika mata albarushi don neman ƙarfi takan fashe ta tafi da yatsunsa. Ga zabo da gada da gafiya ta isa, ta kuma isa ta firgita biri ko ɓarawon akuya. Amma guntayen ƙarfen da take watsawa, idan suka sami fatar dorina, iyakarsu su shige cikin kitse su tsaya. Dabbar ba ta faɗuwa. Takan koma ruwa da ciwo, ciwon ya ruɓe, ta yi makonni tana jin zafi, sa'an nan wanda zai biya bashin shi ne masuncin da ya zo wucewa da asuba bai san hawa ba bai san sauka ba. Maharban kirki duk sun yarda da wannan: dorinar da aka yi wa rauni ta fi goma masu lafiya haɗari.

Sama da ta toka sai mai baki ɗaya da mai baki biyu, masu cin harsashin kwali ko na roba. Su ne abin alfaharin 'yan banga da maharban zamani, suna da saurin ɗuri, ba sa tsoron raɓa. Sai dai harsashin da aka fi samu nasu na tsuntsu ne, ƙananan ƙwayoyin dalma masu bazuwa, waɗanda a jikin dorina ba su fi tsakuwar da yaro ya watsa wa bango ba. Akwai mai manyan ƙwayoyi, akwai kuma mai dunƙulen dalma guda, wanda ya fi su duka nauyin bugu, amma ko shi ba domin irin wannan dabba aka yi shi ba.

Kakanni sun san wannan matsala tun kafin a haifi kakan Sufeto Janar, sun kuma yi mata dabara irin tasu. Maharban giwa na ƙasar Hausa ba da dalma suke harbinta ba. Sango suke sawa a bakin bindiga, watau wani gajeren mashi mai kaifi wanda aka shafa wa dafi, albarushi ya tura shi ya huda fata, dafi ya ƙarasa aiki, su kuwa su bi sawu ko da kwana biyu ne. Masu farautar dorina a Kwara, su Sarkawa, ba su ma damu da bindiga ba: zago suke jifa, mashi mai ƙugiya da aka ɗaura wa igiya da abin da zai taso bisa ruwa ya nuna inda dabbar ta nutse. Aiki ne na taron jama'a da jiragen ruwa da yawa, da shugaba wanda ya gāji abin, da kwanaki ana bi. Wannan sana'a ba ta mutu ba. Cikin Oktoba 2024, bayan da wata dorina ta kashe mutum a Yawuri ta Jihar Kebbi, da zago aka bi ta aka kashe, aka raba naman unguwa unguwa. Abin lura a nan shi ne, ko a zamanin da ba doka ba gandun daji, ba a taɓa jin mutum ɗaya ya tsaya a gonarsa cikin duhu ya tari dorina shi kaɗai ba.

Dalilin da ya sa bindigar toka ta zauna a hannun baƙar fata ta ƙi tashi, shi ma yana da tarihi. Cikin 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Barasal ta ƙasar Beljiyam cewa ba za a sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani masu ɗuri ta gindi ba, sai tsofaffin masu ƙanƙara da albarushin fatake. Ƙasar Gombe ta ga sakamakon wannan da idonta. Ran 27 ga Yuli 1903, a Burmi, arewa da inda garin yake yanzu, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya da jama'arsa suka tsaya da baka da mashi da takobi da 'yan bindigogi kaɗan, gaban igwa da bindiga mai ruwan harsashi. Kibiya mai dafi ta kashe Manjo Marsh, shugaban rundunar Turawa, amma Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa. Tun daga ran nan bindiga mai ƙarfi ta zama ta hukuma, ta toka ta zama ta talaka, har yau kuwa rabon bai sāke ba.

To, wace iri ce ke tsayar da dorina? Amsar tana wajen masu farautar manyan namun daji na gabashi da kudancin Afirka. Bindigar da suka ɗauka mafi ƙanƙanta ga giwa da ɓauna da dorina ita ce wadda ake kira .375, wadda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar cikin 1912, har wasu ƙasashe suka sa a doka cewa ba a fuskantar waɗannan dabbobi da abin da ya gaza ta. Harsashinta guda ɗaya ne mai nauyin giram 19, yana fita da gudun da ya wuce mita 750 cikin daƙiƙa. Ga dabba mai kaurin fata da ƙashi kuma sukan zaɓi harsashi daskararre wanda ba ya fashewa ko ya baje idan ya bugi ƙashi, sai ya yi ta ratsawa. Duk da haka, ƙwaƙwalwar dorina 'yar ƙarama ce cikin wannan ƙaton kai, maharbi kuwa da rana yake harbi, da abin dogara bindiga, da wani gwani tsaye a bayansa riƙe da ta biyu. Manomin Hinna ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi da tsakar dare yake gamuwa da ita, cikin shinkafa mai kai wa ƙugu, da tocila a hannu ɗaya.

Ko da yana da kuɗin sayenta, doka na gabansa. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu, irin na soja da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne na farauta, masu baki ɗaya da baki biyu da dogayen bindigogin maharba, lasinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku su ne masu ɗuri ta baki, watau na toka, sha'aninsu na wajen Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin ido, ko mashayi, ko wanda aka ɗaure kan laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Ƙera bindiga ko gyara ta ba da izini ba shi ma laifi ne, abin da maƙera da yawa suka sani suka yi kamar ba su sani ba. Cikin Agusta 2023 kuma Sufeto Janar ya ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasin, saboda yawan makamai a hannun jama'a. Mutumin Gombe ba zai yi mamakin wannan ba. Garin ya ga zamanin 'yan Kalare, ya kuma ga ranar 14 ga Fabrairu 2015 da 'yan Boko Haram suka biyo wannan hanya ta Dadin Kowa suka taɓa gefen gari. Hukumar da ta ga haka ba za ta yi saurin raba manyan bindigogi a ƙauyuka ba, ko da don dorina ne.

Bayan dokar makamai ga ta namun daji. Tun Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963 dorina na cikin dabbobin da ba a kashewa sai da izini, kuma tun 2006 ƙungiyar duniya mai lura da halittu ta sa ta cikin jerin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu. Tana haihuwa ɗa guda ne bayan wajen shekara biyu, saboda haka garke na talatin ba ya jure harbi. Wanda ya kashe ta a kan kansa, ko da gonarsa ta ci, zai amsa tambaya wajen ma'aikatan gandun daji.

Darasi daga ƙasar ƙanƙara

Wannan gardama ba ta Gombe kaɗai ba ce. A arewacin duniya akwai wata dabba da ake kira beyar, mai gashi da farata, wadda ba mu da ita. Iri ɗaya da Afirka ta taɓa mallaka a duwatsun Atlas na Magrib yake, ya kuwa ƙare tun ƙarni na 19. Mutanen Alaska ta Amurka da na Kanada da na Nowe sun shekara fiye da ɗari suna musu kan bindigar da ta dace da mai shiga dajin beyar, kamar dai yadda ake yi a rumfunan maharban Gombe. Hukumar namun daji ta Alaska takan shawarci mai son riƙe makami da ya ɗauki doguwar bindiga mai ƙarfi irin .300 Magnum, ko kuwa ta harbin tsuntsu mai lamba 12 amma da harsashi mai dunƙule guda. A tsibiran Svalbard na ƙasar Nowe, inda farin beyar ke yawo bisa ƙanƙara, duk mai fita bayan gari dole ya riƙe abin korarsa, kamar bindigar da ke harba wuta sama, ana kuma shawartarsa ya haɗa da bindigar gaske wadda ba ta gaza .308 ba. Amma farin beyar yana ƙarƙashin kariya tun 1973, duk wanda ya harbe shi kuwa sai an bincike shi an tabbatar ba shi da wata mafita.

Abin da ya fi dacewa da kunnen manomin Gongola shi ne abin da wasu masana biyu, Tom Smith da Stephen Herrero, suka gano da suka bi labarin gamuwar mutane da beyar a Alaska. Cikin 2012 suka buga nazarin gamuwa 269 da aka yi da bindiga a hannu, daga 1883 zuwa 2009. Suka tarar cewa masu bindiga sun sami rauni daidai wa daida, ko sun harba ko ba su harba ba. Dalilan kuwa duk wanda ya taɓa riƙe ta toka ya san su: dabba ta zo da sauri ba a sami damar ɗagawa ba, bindiga ta cije, hannu ya yi rawa, mutum ya yi tuntuɓe yana ja da baya. Kafin wannan, cikin 2008, sun buga wani nazarin kan wani gwangwani mai fesa ruwan barkono, ɗan'uwan abin da muke kira barkonon tsohuwa. Suka tarar ya kori beyar fiye da sau 9 cikin 10, kuma kashi 98 cikin ɗari na masu riƙe da shi sun tsira ba ko ƙwarzane. Abin dariya ne a ce barkonon da Kwadon ke sayarwa kwando kwando ya fi harsashi aiki, amma haka lissafin ya nuna.

Kada mai karatu ya ɗauka ana cewa a je a fesa wa dorina barkono. Babban beyar da wuya ya wuce kilo 600 ko 700, dorina ta ninka shi, halinsu kuma ba ɗaya ba ne. Abin da ya haɗa su shi ne, mutanen da ke da kuɗi da kantunan makamai da filin koyon harbi, su ma da suka zauna suka ƙirga sai suka ga bindiga ce ta ƙarshe a jerin abin da ke ceton rai. Na farko shi ne sanin halin dabbar.

Wannan sani kuwa akwai shi a bakin tafki, wajen Sarkin Ruwa da tsofaffin masunta, kyauta. Dorina tana da turba. Inda ta fito jiya nan za ta fito yau, har sawunta ya yi kwari biyu a gaɓa, ga kashinta da take watsawa da wutsiya bisa ciyayi. Mai hankali ba ya kafa bukka a kan wannan turba, ba ya kuma shiga tsakaninta da ruwa, domin idan ta firgita a tudu ruwa take nufa, duk abin da ke gabanta kuwa ta bi ta kansa. Uwa mai ɗa ba a kusantarta ko da rana. Mai kwalekwale yakan bi gefe ya bar zurfin da garke ke kwana, yakan riƙa bugun jikin jirgi da filafili don ta ji shi ta ɗago tun daga nesa, ya ga inda take. Hamma da take yi ba barci ba ne, makamanta take nuna maka.

A gona kuma, raunin dorina yana ƙafarta. Ba ta tsalle, ba ta son rami mai tsayayyen baki, ba ta iya ɗaga ƙafa ta ƙetare shinge mai ƙarfi ko da gajere ne. A wasu ƙasashen Afirka da rami da ƙaramin shinge da waya mai lantarkin hasken rana ake tsare gonakin bakin ruwa. Sai dai ramin mutum ɗaya ba ya amfani, don za ta kewaye ta shiga ta gonar maƙwabci. Aiki ne na gayya, ko na ƙaramar hukuma da hukumar raya kogin Binuwai ta sama wadda madatsar ke hannunta. Akwai kuma maganar da ba mai son ji: a bar wani zirin ƙasa a bakin ruwa ba a noma ba, ya zama kiwonta. Faɗin wannan a ofis cikin Gombe da sauƙi yake. Faɗinsa ga mutumin da gonar ubansa ke ƙarƙashin tafki tun 1984, wanda wannan zirin ne kaɗai ya rage masa, wani abu ne dabam. Idan ƙasa na son a bar mata dorinarta, adalci ne ta ɗauki wani kashi na asarar, ta biya diyya bisa ƙa'ida, ta kuma ajiye ƙwararrun maharba na hukuma da makamin da ya dace, waɗanda za a kira su zo cikin kwana ɗaya idan wata ta fitini jama'a, maimakon takarda ta yi wata uku tana yawo daga tebur zuwa tebur. Manoman da ke kewayen Yankari, can yamma cikin Jihar Bauchi, irin wannan kukan suke yi game da giwa.

Kafin a kai ga haka, abin da ake yi shi ne gadi. Idan shinkafa ta fara ɗaukar ciki, magidanta da samari sukan bar gida bayan sallar isha'i su tafi gona. Kowa da bukkarsa, wasu bisa gado mai dogayen ƙafafu. Sukan hura wuta a bakin turba, su rataye gwangwanaye a igiya, su ajiye tsohon faranti ko garwa da sandan bugu. Mai bindigar toka yakan ɗura ta da albarushi da tsumma kawai, ba dalma, domin ƙararta ake so. Sauro ya yi ta ci, sanyin ruwa ya yi ta shiga ƙashi. Can tsakar dare sai a ji gurnaninta daga tafki, wata ta amsa daga wancan gefe, sa'an nan a ji ruwa ya tsage. Wanda ya fara ganin baƙin tudun nan yana motsi sai ya yi kururuwa, gona ta ɗauka ta miƙa wa gona, garewani su ɗau ƙara, tociloli su haskaka, bindiga ta tashi sama. Sau da yawa takan tsaya, ta juya, ta koma. Wani dare kuwa ta saba da ƙarar, sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da kiwo, masu gona na tsaye daga nesa suna kallo.

Da gari ya waye sukan zagaya su duba ɓarna, su tayar da abin da zai tasu, su koma gida su ɗan runtsa. Wajen hantsi motocin farko sun ɗauki kifi da kayan miya da buhunan bara sun kama hanyar Gombe, su wuce Kwadon, su wuce Liji, su sauke a Tudun Hatsi, inda dillali ke jira da tambayarsa.